Littafin Bashin da Gara Ba Ta Ci

Kasuwancin Maraɗi a kan bashi yake tafiya, kuma ba yau aka fara ba. Tun zamanin gyaɗa, lokacin da kamfanonin Turawa ke ba ƴan baranda kuɗi gabanin kaka su shiga ƙauyuka awo, har zuwa Alhazan da Bafaranshen nan Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986, hanyar ɗaya ce: ubangida ya ba baransa kaya, bara ya ba na ƙasa da shi, kuɗi su komo bayan mako ko bayan wata uku. Babu takardar banki, babu sa hannu, sai sanin asali da jin kunya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma dole a samu inda aka ajiye lissafinsa. Da can a ka ake ajiye shi, kuma har gobe akwai dattawan da za su zayyana maka abin da suke bin mutum ashirin ba tare da sun duba komai ba. Daga baya ya koma cikin kaye irin na ƴan lakwal, wani da ajami, wani da boko, a ɗaure shi da roba a jefa cikin akwatin ƙarfe. Kaye kuwa maƙiyansa da yawa: gara, yoyon kwano da damina, gobarar kasuwa, da yaron da zai yagi shafi ya ƙunshe ƙosai.

Yanzu littafin ya sake ƙaura. A shaguna da sitoci da dama ya bar akwati, ya koma cikin manyan kwamfutoci da ke wata ƙasa, waɗanda ake isa gare su ta intanet, abin da masana ke kira gajimare. Wannan ƙaura ta haifar da wani ma'aikaci da har yanzu ba a raɗa wa aikinsa suna ba. Alhaji yana ce masa yarona, abokan ciniki suna ce masa akawu, ƙannensa suna ce masa mai kwamfuta ko da kuwa waya ce kawai a hannunsa. Galibi ya yi kwaleji ko lise, wani ya ɗan leƙa Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, wani kuma a shagon gyaran waya ya koyi komai. A ganina yana cikin gwanayen da garin nan bai riga ya san darajarsu ba.

Jiratawa wuri ne mai kyau na ganin aikinsa. Garin yana kudu da birnin Maraɗi, tafiyar ƴan mintoci a kan babur, cikin gundumar Madarunfa, a bakin Gulbin Maraɗi. A farkon shekarun 1980 gwamnati ta gyara fadamar wurin, sama da hekta 500, aka haƙa rijiyoyin burtsatse aka sa musu famfunan lantarki, aka ja magudanai, hukumar ONAHA tana sa ido, manoma kuma suka haɗu cikin ƙungiya suna biyan kuɗin ruwa. Kowa da ɗan fegi nasa. Yau zogale ne sarkin wurin, sai albasa da tumatir da tattasai da kabeji da masara. Kayan garka ba sa jiran kowa. Zogalen da aka yanka da safe, in bai kai kasuwa ko tukunya ko shanya ba, ya fara yaushi. Saboda haka cinikin nan gudu ake yi da shi, kuma a gutsure yake: buhu biyu daga wannan, uku daga wancan, wannan an ba shi kuɗin taki tun watan jiya, waccan tana bin kuɗin tsinkar ganye, direban da zai kai Yamai ko Damagaram yana jiran na mai. Da azumi, lokacin da kowane gida ke neman kwaɗon zogale na buɗa baki, lissafin yakan ninka.

Kusan babu wanda ke rubuto saƙo a cikin waɗannan mutane. Murya suke turowa ta WhatsApp. Bayan sallar isha'i akawu zai zauna a kan benci, ya sa abin ji a kunne, ya fara saurare.

"Alhaji, barka da yamma. Buhu huɗu na ba direba, biyu nawa, biyu na maƙwabcina. Ka cire dala ɗari biyar ɗin da na amsa jiya."

A nan gwaninta take farawa. Dala a Nijar tamma biyar ce ta sefa, don haka dala ɗari biyar 2,500 ke nan, kuma wanda ya rubuta 500 ya cuci Alhaji da 2,000 a layi guda. Jika uku da dala arba'in 3,200 ne. Akawu yana yin wannan juyi a ransa kafin muryar ta ƙare, yana kuma sanin lokacin da mai magana ya koma lissafin naira saboda ya dawo daga Jibiya. Ya san wane maƙwabci ake nufi. Ya san akwai mutum uku masu suna ɗaya a cikin masu kawo kaya, ɗaya na bakin famfo, ɗaya mai jan babur, ɗaya ɗan liman, shi ya sa ya ba kowannensu lamba, don kada bashin wani ya hau kan wani. Ya san "jiya" da aka faɗa a saƙon da ya makale bai shigo ba sai da gari ya waye shekaranjiya ce. Sai ya shigar da komai cikin jadawali: kwanan wata, lambar mutum, irin kaya, yawan buhu ko tiya, abin da aka biya, abin da ya rage. Layi ɗaya, ciniki ɗaya. Ba ya haɗa biyu a wuri guda ko da Alhaji yana gaggawa, domin jadawalin ba zai iya tara abin da aka cakuɗa ba. Duk fasahar da ke cikin waɗancan manyan kwamfutoci, abin da wannan yaro ya zuba musu shi za su riƙe.

Wanda ya san hayar sito a kasuwa ya riga ya fahimci rabin zancen gajimare. Ba kai ka gina ba, ba kai ke gyaran rufi ko biyan maigadi ba. Ka kama ɗaki daidai kayanka, in kaya sun ƙaru ka ƙara ɗaki, in sun ragu ka saki, makulli kuma yana hannunka. Kafin a fara wannan haya, duk kamfanin da ke son ajiye bayanansa a na'ura sai ya sayi tasa babbar kwamfutar, ya ware mata ɗaki mai sanyi, ya tanadi janareta, ya ɗauki ma'aikacin da zai kula da ita. A garin da zafin watan Afrilu ke haura maki 40, ƙurar hunturu kuma ke shiga ta ko'ina, bankuna da manyan ayyukan raya ƙasa ne kawai suka iya wannan. A 2006 kamfanin Amazon na Amurka ya fara ba da hayar wurin ajiya da ƙarfin kwamfutocinsa ga duk mai so, ana biya gwargwadon amfani. Microsoft ya shigo da nasa a 2010, Google ma yana ciki. Hayar hawa-hawa ce. Akwai mai kama na'ura tsurarta ya ɗora abin da yake so, akwai mai kama wurin da aka riga aka shirya don gina manhaja, akwai kuma mai kama manhajar da aka gama, ya buɗe kawai ya fara aiki. Ɗan kasuwar Maraɗi a hawa na ukun yake, sau da yawa ma bai san yana ciki ba. Duk wanda ya sauya waya ya ga lambobinsa da hotunansa sun dawo da kansu, ya ci gajiyar abin.

Abin lura shi ne ƙananan ƴan kasuwarmu ba su bi ta zamanin ɗakin kwamfuta ba. Daga kaye suka yi tsalle zuwa waya. Ita ma wayar ta yi nata aikin tun da wuri: binciken da masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta yi a kasuwannin hatsi na Nijar, da bayanan shekarun 2001 zuwa 2006, ya nuna zuwan salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Amma maganar waya da an kashe ta wuce. Abin da ya sauya yanzu shi ne maganar tana zama, ana iya komawa a same ta, kuma mutum uku a garuruwa uku suna iya duba shafi guda a lokaci guda: Alhaji a Maraɗi, ɗansa a tashar Yamai yana jiran mota, akawu a bakin garka.

Kwamfutocin dai suna nesa. Microsoft ya buɗe cibiyoyinsa na farko a Afirka a 2019, Amazon a 2020, Google a farkon 2024, dukkansu a Afirka ta Kudu. Legas ma tana da manyan gidajen ajiyar bayanai, kuma a can wayoyin ƙarƙashin teku da dama ke fitowa. Nijar ba ta da gaɓar teku, don haka layin da akawu ya rubuta a Jiratawa sai ya bi eriyar Airtel ko Moov ko Zamani ko Niger Telecom, ya shiga wayar ƙarƙashin ƙasa, ya ƙetare iyaka ta ƙasar maƙwabta, kafin ya isa inda za a ajiye shi. Doguwar hanya ce, kuma kowane zango nata yana iya tsinkewa.

Ya kuwa sha tsinkewa. Bayan zaɓen Fabrairun 2021 an rufe intanet na wayar hannu a Nijar har kusan kwana goma. A ranar 4 ga Oktoban wannan shekarar WhatsApp da Facebook suka ɗauke a duniya baki ɗaya wajen awa shida. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya, wadda daga gare ta akasarin wutar Nijar ke zuwa a lokacin, ta yanke lantarki a watan Agusta, aka kuma rufe iyaka, abin bai warware ba sai cikin 2024. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin teku huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a ƙasashe da yawa. Ban da waɗannan manya, akwai na kullum: rezo ya ɗauke saboda hadari, kuran ya tafi tun azahar, mega ta ƙare ana tsakiyar aiki.

Wanda ya koyi aikin a littafin Turai yakan ɗauka intanet na nan ko da yaushe, yankewarta ce baƙon abu. Akawun Maraɗi ya juya lissafin. Yana aiki kamar babu rezo, in ya zo ya gode wa Allah. Ya saita jadawalinsa yadda zai buɗe ba tare da intanet ba, ya rubuta a wayar, ya bari sai dare ya tsala ko da asuba, lokacin da layi ya yi sauƙi, sannan ya tura. Kafin ya kwanta sai ya tabbatar alamar da ke nuna an karɓa ta fito, domin abin da ke cikin waya kaɗai bai tsira ba tukuna. Yana da ɗan faifan sola da batirin ajiya, yana da layuka biyu na kamfanoni daban. Ya kuma gano wata matsala da ba ta bayyana sai an ƙone: idan mutum biyu suka gyara wuri ɗaya alhali dukansu ba su da rezo, ranar da aka haɗu na ɗaya na iya danne na ɗaya. Maganinsa mai sauƙi ne, kuma daga tsarin kasuwa ya ɗauko shi. Kowa da shafinsa. Na tasha ya rubuta abin da ya sauka, na garka ya rubuta abin da aka ɗora, shi kaɗai ke taɓa shafin jimla. Ƙarshen wata ya je wurin masu buga takardu ya fitar da komai a kan takarda, ya kai wa Alhaji ya sa a akwatin nan na ƙarfe. Kaye bai mutu ba, ya dai zama mataimaki.

Sai maganar makulli, wadda a nan ne aka fi yin asara. Yawancin mutane ba su suka buɗe asusun Google da ke wayarsu ba. Yaron shagon da suka sayi wayar ne ya buɗe musu cikin minti biyu, ya sa kalmar sirrin da ta zo masa a baki, shi da su duk suka manta. Ranar da waya ta faɗa magudanar ruwa ko aka zare ta a tasha, bayanan suna nan lafiya lau a wata ƙasa, amma babu mai iya buɗe ƙofa. Gwanin akawu daga nan yake fara gyara. Yakan buɗe asusu na kasuwancin kansa, daban da nasa na hira da abokai, ya ɗaura shi a kan layin da aka yi wa rajista da katin shaidar Alhaji, ya ƙara lamba ta biyu ta wani amintacce a gidan, ya rubuta kalmar sirri da lambobin ko-ta-kwana a takarda ya liƙe cikin ambulan. Ya san layin da aka daɗe ba a sa masa kuɗi ba kamfani na iya karɓe shi ya ba wani. Ya san Google ya ce daga ƙarshen 2023 yana iya share asusun da ya shekara biyu ba a taɓa ba. Kuma ya koya wa duk mutanen gidan karatu guda, yana maimaita shi har ya gundure su.

"Baba, in an kira ka an ce ka karanto lambobi shidan da suka shigo wayarka, ko da an ce daga kamfani ne, ko an ce ka ci kyauta, kashe wayar kawai."

"To in ɗan'uwana ne fa?"

"Ko ni ne, Baba. Kashe, ka kira ni da kanka."

Bai kuma yarda cewa abin da ke gajimare ba ya ɓata ba. A watan Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, kuma abokan cinikin da ba su da kwafi a wani wuri dabam sun rasa bayanansu. Manyan kamfanoni suna ajiye kwafi a gine-gine fiye da ɗaya, gaskiya ne, amma hakan ba ya hana mutum share abinsa da yatsansa. Shi ya sa akawu ke sauke jadawalin lokaci-lokaci ya zuba a ɗan katin ajiya, ban da na takarda.

Abin da ya fi burge ni a aikinsa, duk da haka, ba na na'ura ba ne. Jadawalin yana ba da damar a ce wane ya gani kawai, wane ya gani ya gyara, wane kada ya gani sam. Yana kuma riƙe tarihin duk gyaran da aka yi: wa ya sauya, yaushe, mene ne a wurin kafin a sauya. A hannun marar hankali wannan makamin tozarta mutane ne. Ka ɗauka wani dattijo ya zo da rantsuwa cewa ba a biya shi kuɗin buhu biyu ba, alhali akawu yana da hoton rasiɗin kamfanin aika kuɗi na Nita ko Amana da aka tura kuɗin, yana kuma da muryar dattijon kansa yana cewa sun iso. Yaron da bai san garinsu ba zai kunna muryar a gaban jama'a, ya yi nasara, Alhaji kuma ya rasa mai kawo masa kaya na shekara da shekaru, da ƴaƴansa da surukansa. Gwani yakan ja shi gefe.

"Baba, ina jin ranar yaronka ne ya amso, wataƙila bai gaya maka ba. Ga takardar, duba kwanan watan."

Ya buɗe masa ƙofar fita da mutuncinsa. Haka nan bai bari manomi ya ga abin da ake bin maƙwabcinsa, bai bari direba ya ga ribar Alhaji. Talauci da bashi sirri ne a wurinmu, kuma shafin da aka tura wa rukunin WhatsApp bisa kuskure ba ya dawowa.

Akwai kuma tsimi. Google yana ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, kuma daga farkon 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ta fara cin wannan kason. Rubutu da lissafi ba su da nauyi, jadawalin shekaru ba zai cika ko kusurwa ba. Bidiyon biki da na wa'azi da na kokawa su ke cinye wurin, har ajiya ta tsaya ba wanda ya lura. Akawu yakan cire bidiyo daga abin da ake ajiyewa, ya rage girman hoton rasiɗi. Ƙarin wuri sai da katin banki mai biya a waje, abin da ƴan kasuwa da yawa ba su da shi, don haka zama cikin na kyauta wata dabara ce mai zaman kanta.

Kusancin iyaka ya ƙara masa wani aikin. Maraɗi da kuɗi biyu take ciniki, ta Ɗan Isa da Jibiya kaya ke shiga da fita zuwa Katsina da Kano. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro ɗaya, ita kuwa naira tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 ta yi ta hawa da sauka, galibi sauka. Bashin da aka ci da naira aka biya bayan wata biyu yana iya cinye ribar gaba ɗaya. Saboda haka akawu yana da gurbi na musamman inda yake rubuta canjin ranar kamar yadda ƴan canji suka faɗa, a gefen kowane ciniki, ya kuma rubuta da wane kuɗi aka yi alkawarin biya. Rigingimu da yawa a wannan ɗan gurbin suke mutuwa.

Ko ɗan kasuwa ya so ko ya ƙi, tsarin yana matso shi. Aika kuɗi ta Nita da Amana da Al Izza ya dogara ne da rajista guda da kowane reshe ke gani nan take, shi ya sa ake zuba kuɗi a Agadas a karɓa a Tibiri kafin shayi ya huce. Hukumar duwan mai kula da shige da ficen kaya tana aiki da manhajar SYDONIA. Hukumar haraji ta shigo da rasiɗi mai tabbaci na lantarki. Ma'aikatan ƙungiyoyin agaji suna yawo ƙauyuka da manhajar KoboToolbox, suna cike tambayoyi ba rezo, su tura in sun dawo gari. Cibiyar RECA ta manoma tana amsa tambayoyi da Hausa ta waya da WhatsApp, manomi ya turo hoton ganyen da tsutsa ta ci a gaya masa magani. A can sama kuma, manyan kamfanonin duniya da suka yi rububin kwashe komai zuwa gajimare sun fara tsinkaye: wasu sun ga kuɗin haya na wata-wata ya fi yadda suka zata, wasu dokar ƙasarsu ta hana fitar da wasu bayanai, wasu suna tsoron dogara da mai gida ɗaya. Sai aka koma raba ƙafa, wani abu a gida, wani a haya, wani a hannun kamfani na biyu. Abin dariya, wannan shi ne abin da akawun Jiratawa ke yi tun farko da wayarsa da katin ajiya da takardar ƙarshen wata, ba tare da ya halarci taron kowa ba.

Ƙasa ma tana nata ƙoƙarin. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane a 2017, da hukumar da ke kula da ita. Aikin shimfiɗa wayar intanet mai ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya sa wa kuɗi, ya haɗa da gina cibiyar ajiyar bayanai ta ƙasa a Yamai. Starlink, mai kawo intanet daga tauraron ɗan'adam, ya fara aiki a Nijar a watan Maris 2025. Duk wannan alheri ne, sai dai cibiyar ajiya wuta take ci dare da rana, ga sanyaya ta a zafin Yamai, kuma ɗan kasuwa ba zai kai littafinsa can don kishin ƙasa kawai ba, sai ya ga ba ta ɗaukewa kuma ba a leƙa masa.

Wannan tsoron leƙe shi ne hujjar dattawan da suka ƙi abin har yau, kuma ban ga laifinsu ba. Mutumin da ya shekara arba'in yana ɓoye yawan dukiyarsa ko ga ƴaƴan cikinsa, a ce masa ya miƙa lissafinsa ga kamfanin da bai san fuskar mai shi ba, a ƙasar da bai taɓa zuwa ba, ƙarƙashin dokar da ba tasa ba, dole ya yi turus. Akawu mai hankali ba ya musu da shi, ba ya kuma yi masa ƙaryar cewa babu mai iya gani. Yakan rage abin da za a gani ne. Lambobi yake sawa maimakon sunaye, takardar da ke fassara lambobin tana gida. Jimlar dukiya ba ta shiga waya. Abin da ke shiga shi ne na yau da gobe, wanda ɓatansa ya fi leƙensa ciwo.

Hujjar da ta fi saurin shawo kan dattijo kuwa ta addini ce. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, da adalcin mai rubutawa. Kowa kuma ya san ba a raba gado sai an biya bashin mamaci. Gidaje nawa ne suka shiga ruɗani bayan rasuwar maigida saboda lissafin yana kansa, masu binsa suka zo da baki, waɗanda yake bi suka yi shiru? Littafin da ruwa bai jiƙa ba, wanda magada suka san inda ambulan ɗin makullinsa yake, yana sauke wa mamaci nauyi, yana kuma kare marayu.

Ba samari kaɗai ke aikin ba. Cinikin zogale mata ne ƙashin bayansa, daga tsinka zuwa dafawa zuwa talla, kuma a gidaje da dama ɗiyar da ta yi makaranta ce ke riƙe wa uwarta lissafin kaya da na adashi a waya, tana zaune a tsakar gida. Matsalar da ta rage ta lada ce. Har yanzu ana biyan akawu kamar yaron shago mai ɗauko buhu, alhali makullin gidan gaba ɗaya yana hannunsa. Waɗanda suka ƙware sukan samu aiki da wata ƙungiya ko kamfanin aika kuɗi, ko su wuce Yamai, su bar Alhaji da jadawalin da babu mai iya buɗewa. Masu wayo cikin iyayen gida sun fara yi musu abin da aka saba yi wa amintaccen bara tun zamanin gyaɗa: a ware masa kaso a cikin riba, a sa shi ya koya wa wani ƙane a gidan, in lokaci ya yi a ba shi jari ya buɗe nasa.